Kwas ɗin intanet kan dabbobin da dafin kwaɗo ba ya tsayar musu da zuciya, na gama shi ga abin da na gani

Sati uku na yi ina jan wannan kwas ɗin, alhali a shafinsu sun rubuta wai mutum zai iya gamawa a kwana biyu, to ni dai ban san wane irin mutum suke nufi ba. Bidiyo bakwai ne, malamai biyu mace da namiji, bayan kowane darasi akwai 'yan tambayoyi na gwaji, a ƙarshe kuma su ba ka satifiket. Abin da ya ja ni na yi rajista tambaya ce guda ɗaya da suka sa a tallarsu, wai me ya sa kare zai cafki wani irin kwaɗo a baki ya fara zubar da yawu zuciyarsa ta rikice har ya mutu, amma wani maciji zai haɗiye irin wannan kwaɗon sukutum ya je ya kwanta abinsa. Na daɗe ina wannan tunanin wallahi, shi ya sa ban yi wata-wata ba. Kuma kafin wani ya fara min sharhi a ƙasa, ba maganar biri ya zama mutum ake yi a ciki ba, magana ce ta yadda ɗan ƙaramin sauyi a ƙwayar gado ke yaɗuwa a cikin zuriyar dabba idan ya cece ta daga mutuwa.

Darasi na farko gaskiya ya kusa sa ni barci. Minti ashirin malamin yana gabatar da kansa da abin da za a koya, abin da jimla uku za su ɗauka. Ku tsallake shi ba abin da za ku rasa. Daga na biyu ne abin ya fara daɗi, nan malamar ta karɓa, kuma ita ta iya koyarwa ba ƙarya. Ta fara da famfo. A jikin kusan kowace ƙwayar halitta ta dabba akwai wani furotin da ke aiki kamar famfo, yana fitar da sodiyam uku waje ya shigo da fotasiyam biyu ciki, haka yake yi ba dare ba rana, kuma da wannan bambancin na ciki da waje ne jijiya ke aika saƙo, tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa. Wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jens Christian Skou ne ya gano shi a 1957, a jijiyar ƙaguwa ma ya gano shi, sai bayan shekara arba'in a 1997 aka ba shi kyautar Nobel. To shi dafin da ake magana a kai wannan famfon yake zuwa ya toshe. Idan famfo ya tsaya sodiyam ya taru a cikin tsokar zuciya, sai wata ƙofar da ke fitar da kalsiyam ita ma ta yi sanyi, kalsiyam ya taru, zuciya ta riƙa matsewa da ƙarfi fiye da da. Kaɗan daga cikinsa magani ne, ya ɗan wuce kima kuma bugun ya harɗe, fotasiyam ya cika jini, shi ke nan. Zanen da ta yi amfani da shi mai motsi ne, ana ganin ƙwayoyin suna shiga suna fita, sau uku na maimaita wajen ba don ban gane ba, don dai ya burge ni.

Abin da ban sani ba kafin kwas ɗin shi ne wai dafin kwaɗo da gubar wasu tsirrai 'yan gida ɗaya ne, famfo ɗaya suke kai wa hari kuma a waje ɗaya suke maƙalewa. Kwaɗon nan mai kaushin fata yana tara nasa a wasu kumburi biyu da ke bayan idonsa. A tsirrai kuwa akwai shi a tumfafiya da danginta, akwai a kwankwani, akwai a wata fure ta Turai da ake kira Digitalis. Wannan furen ce wani likita a Ingila William Withering ya yi shekaru yana gwadawa a kan masu kumburin jiki, ya wallafa abin da ya gano a 1785, kuma daga danginta aka tace maganin digoxin a 1930, wanda har yau likitoci suna ba wasu masu ciwon zuciya, sai dai da taka-tsantsan sosai don tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa tazarar ba ta da yawa. Nan malamar ta ɗan daɗe kan tarihin magani fiye da yadda ya kamata a ganina, amma ban ji haushi ba.

Darasi na uku da na huɗu su ne kuɗina, da su kaɗai aka sayar min ma da na saya. Ga yadda abin yake. Famfon nan doguwar sarƙa ce ta amino asid, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, sama da 1000, amma wajen da dafin ke fara kamawa akwai wani ɗan lanƙwasa da ya leƙo waje, guntu ne ƙwarai, daga lamba 111 zuwa lamba 122. Lambobin ma daga famfon tunkiya aka ƙirga su, kowa ya bi wannan lissafin. A jikin mutum da kare da yawancin dabbobi, a 111 akwai amino asid da ake yi wa alama da Q, a 122 akwai N. A jikin ɓera kuwa Q ɗin ta koma R, N ɗin ta koma D, guda biyu kacal, kuma wannan ya isa ya sa sai an ninka dafin kusan sau 1000 kafin ya toshe famfon ɓera yadda yake toshe namu. Tun 1988 aka nuna haka a ɗakin gwaji. Malamar ta kwatanta shi da makulli da abin kullewa, wai dafin makulli ne, dabbar kuma ta canja haƙoran ciki sai makullin ya daina shiga, ni kuwa ina zaune ina dariya ni kaɗai don a bakinmu abin kullewar ma kwaɗo ne sunansa, wato an canja kwaɗo don a ci kwaɗo.

Amma ba ɓera ba ne abin mamakin. Abin mamakin shi ne da aka bi dabbobin da ba su haɗa komai ba, bushiya, wasu macizai, su damo da guza na Afirka da Asiya, wasu kwaɗin da ke cin 'yan'uwansu, shi kansa kwaɗo mai dafin don dole ya kare kansa daga kayansa, har da malam-buɗe-littafin nan na Amurka da tsutsarsa ke cin ganyen dangin tumfafiya, sai aka tarar kusan dukkansu wannan ɗan lanƙwasan suka taɓa. Ba gadonsa suka yi daga kaka ɗaya ba, kowanne a nasa zamanin ya iso wajen. Ƙwaro da maciji fa, ku duba nisan da ke tsakaninsu. Wani bincike da ya fito a 2015 ne ya tattaro wannan ya jera, kuma a nan kwas ɗin ya yi abin da ya fi komai burge ni, sun ba da wani atisaye inda za ka ga jerin haruffan famfon dabbobi daban-daban an jera su layi-layi, ba a faɗa maka sunan dabbar ba, kai ne za ka duba wajen 111 da 122 da tsakaninsu ka ce wannan zai iya cin kwaɗo wannan ba zai iya ba. Na faɗi a macizai da farko saboda ni ina ta neman R da D irin na ɓera, ashe su tasu hanyar daban ce, a 111 L suke da ita sannan a 120 suke da R. Da na gane sai na ji kamar an ɗaga min labule. Irin wannan koyarwar ake so, a bar mutum ya yi kuskure da hannunsa.

Tambayar da ta zo min a lokacin, kuma na san za ta zo wa kowa, idan abin haruffa biyu ne kawai me ya hana kowace dabba ta samu. Sun amsa a darasi na huɗu kuma amsar ta gamsar da ni. Famfon nan ba abin wasa ba ne, rai a kansa yake, in ka taɓa shi don ka hana dafi kamawa sau da yawa sai ka rage masa ƙarfin aikinsa, ka tsira daga kwaɗo ka zo kana fama da jijiya. Shi ya sa hanyoyin da ke ɓullewa kaɗan ne, kuma shi ya sa kowa ke ƙarewa a waje ɗaya. Misalin da suka kawo na wasu kwaɗin Kudancin Amurka ne da ake kira Leptodactylus, su dabarar da ta samu a jikinsu ita ce ƙwayar gadon famfon ta ninku gida biyu, kwafi ɗaya ya zauna yadda yake, ɗayan ya samu R da D irin na ɓera sak. Da masu bincike suka duba, aikin ya fito a 2021, sai suka ga bambancin da ke tsakanin kwafin biyu guda 12 ne, biyu ne ke hana dafi, sauran 10 ɗin aikinsu gyara ɓarnar da biyun suka jawo ne, in ka sa biyun su kaɗai famfon sai ya raunana. Haka ma a 2019 wasu suka ɗauki ƙudan 'ya'yan itace suka saka masa sauye-sauyen malam-buɗe-littafi guda uku da fasahar gyaran ƙwayar gado da ake kira CRISPR, ƙudan ya iya cin gubar lafiya lau, amma in an girgiza shi sai ya sandare ya daɗe bai farfaɗo ba. Ba a cin bulus a wannan harkar.

Sai labarin Ostireliya a darasi na biyar, wanda duk wanda ya taɓa karanta wani abu kan dabbobi ya ji shi, amma a nan na fahimci dalilinsa daga tushe. A 1935 aka kawo kwaɗin nan manya guda 102 daga Hawai zuwa jihar Kwinsland don su cinye ƙwaron da ke lalata rake. Ƙwaron dai ba su yi maganinsa ba, su kuma suka hayayyafa suka bazu arewacin ƙasar. Matsalar ita ce nahiyar ba ta da irin wannan kwaɗon tun asali, don haka mafarautan can famfonsu a buɗe yake. Manyan ƙadangarun can dangin damo da guza suka riƙa mutuwa, alhali 'yan'uwansu na Afirka da Asiya da suka tashi tare da kwaɗo suna da kariyar. Kadojin ruwan daɗi suka mutu, wata 'yar dabba mai jaka da ɗigo-ɗigon fari a jiki da ake kira kwol ita ma ta kusa ƙarewa a wurare da yawa. Waɗanda suka sha su ne ɓerayen ƙasar, da wani macijin bakin ruwa wanda kakanninsa daga Asiya suka zo da kariyarsu. Akwai wani ɓeran ruwa ma da aka gani yana farke cikin kwaɗon yana cire zuciya da hanta ya ci ya bar sauran. Wani baƙin maciji mai jan ciki kuma tasa hanyar daban, a wuraren da kwaɗon ya daɗe sai aka ga kawunan macizan sun ƙanƙance idan aka gwada da tsawon jikinsu, saboda masu babban kai su ne ke iya haɗiye babban kwaɗo su mutu, masu ƙaramin kai suka rage suka haihu. Hotunan wannan darasin suna da kyau amma wasu ba daɗin kallo, gawar kada a bakin kogi da sauransu, in da yara kuke kallo ku sani.

Sun taɓo Madagaska a gurguje, abin da ya kamata a ce sun ba shi lokaci. Can ma ba su da irin wannan kwaɗon, sai ga wani na Asiya ya ɓulla a wajen tashar jiragen ruwan Toamasina, a 2014 aka fara ba da rahotonsa. Masu bincike ba su jira dabbobi sun fara mutuwa ba, suka ɗauki nau'i 77 na dabbobin tsibirin da za su iya cin kwaɗo suka karanta wancan ɗan lanƙwasan, guda ɗaya tak suka samu mai kariya, shi ma wani ɓera ne. Wannan ai shi ne amfanin ilimin gaba ɗaya, ka duba haruffa goma sha biyu ka san wa ke cikin haɗari, amma minti biyu suka ba shi suka wuce.

Darasi na shida na ɓarayin dafi ne, haka na sa masa suna. Akwai wani maciji a Japan, Rhabdophis tigrinus, shi ba cin kwaɗon kawai yake ya tsira ba, tara dafin yake a wasu jakunkuna a bayan wuyansa, in abokin gaba ya zo sai ya lanƙwasa wuya ya miƙa masa wajen. Waɗanda ke tsibirin Kinkasan inda babu kwaɗo jakunkunansu ba dafi, kuma sun fi saurin gudu in an tsorata su. Uwa ma tana iya zuba wa 'ya'yanta dafin tun suna cikin ƙwai. Wasu danginsa a ƙasar Sin da suka koma cin tana, su kuma daga tsutsar ƙwaron nan mai walƙiya da dare suke samo irin dafin. Sai wani ɓera mai tukku a Gabashin Afirka da ke tauna ɓawon itacen Acokanthera, itacen da mafarauta ke dafa dafin kibiya da shi, ya shafa yawun a wasu gashin gefen jikinsa masu tsotse ruwa kamar lagwani, kare ya cije shi ya ji a jikinsa. Duk labarai ne masu daɗi, sai dai a nan malamin ne ya dawo, kuma shi karanta allo yake yi kawai, murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

To yanzu ga inda na ji haushi. Sunan kwas ɗin zuciya ne, hoton tallar zuciya ne, amma zuciyar kanta ba a zauna a kanta ba sai a darasi na biyu. Dabbobi masu shayarwa suna da nau'in wannan famfon har huɗu, kuma ba ko'ina ake samun kowanne ba, wani ya fi yawa a ƙoda, wani a tsoka, wani a ƙwaƙwalwa, na huɗun a maniyyi. Zuciyar mutum tana da uku daga ciki. A ɓera na ɗaya ne ya samu kariya kuma shi ne ya fi yawa a zuciyarsa, na biyun yana nan dafi na kama shi. A macizai da su damo kuwa na uku ne aka fi samun sauyin, kuma an ga wani macijin Amurka mai cin kwaɗo zuciyarsa na samar da wannan na ukun da yawa. Wato tambayar ba wai dabba tana da sauyin ba kawai, a wane kwafi yake, kuma kwafin yana zuciya ko ba ya nan. Wannan shi ne ainihin maganar da sunan kwas ɗin ya yi alkawari, amma a wata takarda ta ƙarin karatu suka cusa shi, wadda na tabbata rabin ɗalibai ba za su buɗe ba. Wanda ya kalli bidiyo kawai zai fita yana zaton famfo ɗaya ne a jiki.

Gwajin ma haka, hadda ce zalla. Wace shekara, wace lamba, wane harafi. Ba tambaya ɗaya da ta ce ka bayyana me ya sa kalsiyam ke taruwa. Na ci duka ba tare da wahala ba kuma hakan bai sa na ji na iya ba, atisayen jeren haruffan nan ya fi su gwada mutum sau goma. Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo na'ura ce ta yi shi ba wanda ya duba, sunayen dabbobi duk a karkace, in ba ka jin Turanci sosai kana dogara da shi za ka sha wuya. Manhajar wayar sau biyu tana mayar da ni farkon darasi bayan na kusa gamawa, kuma atisayen haruffan ba ya zama daidai a allon waya, layukan sai sun karye, dole sai da na koma kwamfuta. Na aika musu saƙo kan wannan, bayan kwana biyar aka turo min amsar da ko karanta ƙorafin ba a yi ba. Abu ɗaya da zan yaba, ana iya sauke bidiyon a kalla ba data, kuma ba su da nauyi.

Darasi na bakwai sun sauka daga kan kwaɗo suka koma wani dafin daban, na kifin nan mai kumbura, wanda shi ba famfo yake toshewa ba, ƙofar da sodiyam ke shiga jijiya da tsoka yake rufewa. Da farko na ce to me ya kawo wannan kuma, sai malamar ta nuna cewa irin ƙofar da ke zuciyarmu ba ta jin wannan dafin sosai, saboda amino asid ɗaya da ya bambanta ta da ta tsokar jiki, shi ya sa wanda ya ci kifin numfashinsa ne ke tsayawa zuciya tana nan tana bugawa, in aka sa masa na'urar numfashi da wuri yana iya tashi. Ashe mu ma muna da namu ɗan sulken a zuciya, ba na kwaɗo ba ne dai. Da wannan suka rufe, kuma ya fi darasi na farko nesa ba kusa ba.

In tauraro biyar ne zan ba shi uku da rabi. Ɗalibin likitanci ko haɗa magunguna ko likitan dabbobi zai ƙaru sosai, musamman darasi na biyu zuwa na huɗu, don bayan su ba za ka sake haddace yadda digoxin ke aiki ba, ganinsa za ka riƙa yi. Wanda ya bar bayoloji tun sakandare shi ma zai iya bi, amma ya ɗan tuna mene ne furotin da amino asid kafin ya fara, don ba sa tsayawa bayani. Wanda kuma satifiket ɗin yake hari, ban ga inda zai kai shi ba, nawa ma sun rubuta sunana ba daidai ba har yanzu ina jiran gyara. In kun yi rajista ku fara daga darasi na biyu, ku yi atisayen a kwamfuta, kuma takardar ƙarin karatun da ke maƙale a ƙasan darasi na huɗu ku buɗe ta kafin ku shiga na biyar.